Riƙon Gurbi a Bakin Teku

A garinmu Matameye, ruwa mafi girma da yawancinmu suka taɓa gani shi ne tafki a tsakiyar damina, wanda in rani ya yi nisa yake komawa laka, masu yin tubali su shiga. Shi ya sa in na ce na yi shekaru ina aiki a shagon da ake ba da hayar alluna don mutane su hau igiyar teku su tsaya a kai, sai a dube ni a yi murmushi. In kuma na ci gaba, na zo kan abin da taubashina ya yi mini a wurin, sai murmushin ya koma dariya, don a wurinmu abin da ya shiga tsakanin taubasai ba a ɗaukarsa da nauyi. Na gaji da ba da labarin da baki ana katse ni. Yanzu da na koyi rubutu a makarantar manya, gara in sa shi a takarda in kai ƙarshensa.

Kamar yawancin magidantan unguwarmu, ni ɗan cin rani ne. Da an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, sai mu bi ta Ɗan Barto, mu wuce ƴan duwan, wato kwastan na kan iyaka, mu kwana Kano, mu hau babbar mota zuwa Legas. Sana'ata facin roba ce: bokiti, baho, jarka, duk abin da ya tsage. Wata shekara na bi wasu mutanen garinmu zuwa wani ƙaramin ƙauye a bakin teku, wanda ba a zuwa sai a jirgin ruwa mai inji. Ba titi, ba mota, sai yashi da itatuwan kwakwa da gidajen katako. Mutanen wurin masunta ne, sai baƙi da ke zuwa daga birni ƙarshen mako su sha iska. Mu ƴan arewa muna da rumfarmu a bayan gari, kusa da wani masallacin kwano. Wasu na gadi, wasu na shayi da tsire, wasu na sauke kaya daga jirgi.

A gaban ƙauyen, daf da inda ruwa ke tsayawa, akwai wani shago na katako mai rufin ganyen kwakwa. A jikin bangonsa an jingine wasu abubuwa dogaye masu launi-launi, wani ya fi mutum tsawo, masu tsini a gaba da ƴan fika-fikai a ƙasa kamar na kifi. Mu allo muke ce musu, don ba mu da wani suna. Ana kwanciya a kai a tuƙa da hannu zuwa cikin teku, a jira igiyar ruwa ta taso ta ɗauko allon, sai mutum ya yi wuf ya miƙe tsaye, ruwan ya kawo shi gaɓa. Da na fara gani, na ce wannan aikin marasa aiki ne.

Mai shagon ɗan ƙauyen ne, ɗan masunta, wani siriri mai yawan fara'a. Oga muke ce masa. Wata rana ya gan ni ina facin jarkar wata mata, ya tsaya yana kallon hannuna, sannan ya shiga shago ya fito da allon da ya fashe a hanci. Da ɗan Turancin buroka da nuni muka fahimci juna. Ya nuna mini yadda ake yi, na yi, ya shafa ya ce gobe in dawo.

Aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Cikin allon wani farin soso ne mai tauri, an lulluɓe shi da ƙyalle da danƙo. In ya fashe, ruwan gishiri na shiga soson, kuma in ka rufe shi da ruwan a ciki, ruɓewa zai yi. Sai an yanke wurin, an kifa allon a inuwa ya tsane sarai, ko da mai shi na tsaye a kanka yana gaggawa. Bayan haka a cike ramin, a shimfiɗa sabon ƙyalle, a haɗa danƙo da ɗigon maganin da ke daskarar da shi, a shafa, a bari ya bushe, a goge da samfefa har hannu ya wuce bai ji gaɓa ba. Ƙurar ƙyallen tana sa ƙaiƙayi a dantse kamar na gero a masussuka. Ban da gyara, ni ke buɗe shago da safe, in share yashi, in wanke alluna da ruwan rijiya, in kankare tsohon kaki in goga sabo don kada ƙafar mai hawa ta zame. Ina da benci a ƙarƙashin rumfar, da akwatin kayan aiki, da makulli a zare a wuyana. Tunda nake zuwa cin rani, ban taɓa samun wurin da zan ce nawa ne ba sai nan.

Oga ya matsa sai na koyi hawa. Ya ce ba zai yiwu mai gyaran allo bai san abin da allo ke yi a ruwa ba. Ni da ko iyo ban iya ba. Ya kai ni inda ruwa ke tsayawa a ƙugu, ya kwantar da ni a kan wani allo mai faɗi kamar ƙyaure, yana turo ni in ƙaramar igiya ta zo. Na sha ruwan gishiri har na ƙoshi. Amma akwai wata safiya da na miƙe, na tsaya, ruwan ya ɗauke ni ya tafi da ni sulɓi, ba jijjiga irin ta mota, har allon ya taɓa yashi. Samarin ƙauyen suka yi ta ihu suna tafi. Ban zama gwani ba, amma daga ranar na daina raina abin.

Matsala ɗaya ce tsakanina da Oga. Teku a wurin da rani kwance take, igiyoyinta ƙanana ne, na masu koyo da baƙin ƙarshen mako. Sai damina ta kama take tashi, igiyoyi su yi girma, gwanaye su zo daga nesa, alluna su yi ta karyewa. Ni kuwa daidai lokacin nake ɗaure kayana. Da an bugo waya daga gida an ce hadari ya fara haɗuwa a gabas, ba abin da zai riƙe ni.

"Kai wane irin mutum ne?" in ji Oga. "Teku na barci kana nan, ta farka ka gudu."

"Oga, shuka ba ta jira."

"To ni ma allunana sun gaji da jiranka. Ka kawo mini wanda zai zauna, ko in nemo da kaina."

A wurinmu wannan ba sabon abu ba ne. Ƴan cin rani na garinmu suna da abin da muke kira riƙon gurbi. In kana da wurin gadi, ko teburin shayi, ko wani ubangida da ka saba da shi, damina kuma ta kira ka, sai ka sa wani naka ya zauna a wurin. Ya ci abin da wurin ya kawo, kai kuma ka noma masa gonarsa a gida tare da taka. Ranar da ka dawo bayan girbi, zai tashi ba tare da an ce masa tashi ba. Ba a rubutawa, ba a rantsuwa. Kowa ya san gobe shi ma zai nemi mai riƙe masa.

Ban yi dogon tunani ba na zaɓi taubashina, ɗan gwaggona ƙanwar mahaifina. Tare muka tashi, a ƙwarya ɗaya muka ci. Tunda ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, bawana nake ce masa, shi kuma ya ce ni ubangida ne wanda ko akuya ba shi da ita. Ba mu taɓa gaisawa kamar mutane ba. In mun haɗu a kasuwa sai ya fizge hulata ya ce ta fi ƙarfin kaina, ni kuma in ce ya zo ya wanke mini ƙafa. A shekarar, fataucin rake da yake yi zuwa Damagaram ya karye, yana zaune a gida da iyali da tsohuwa. Na kira shi ya taho tun da sauran rani don in koya masa.

Ya sauko daga jirgi da ƴar jakarsa, ya tsaya yana kallon teku baki buɗe.

"Rufe bakin, baƙauye, kada kifi ya shiga," na ce.

"Wannan duk ruwa ne? Kuma kuka bar shi haka, ba wanda ya dasa rake a gefensa?"

Na koya masa duk abin da na sani, ban rage ba. Hannunsa ya fi nawa sauri. Jiran soso ya tsane ne ya sha masa kai, sai na yi ta doke masa hannu. A ruwa kuwa ya wuce ni tun farko, don shi tun muna yara yake satar iyo a tafki ana dukansa. In na faɗo daga allo sai in ji muryarsa: "Manomi a kan ruwa! Ina ka bar hauyarka?" Oga ba ya jin Hausa sosai, amma yana son dariyarsa.

Da aka bugo aka ce an yi ruwa a wajen Kurni, kusa da garinmu, na kai shi gaban dattijon rumfarmu, wani Alhaji mai tsire da ya fi kowa daɗewa a ƙauyen, na ce ga wanda zai riƙe mini. Alhaji ya ce Allah ya sa albarka. Na cire zaren makulli na rataya masa.

"Ka kula da bencina, bawana. Kada ka karya shi da wannan ƙiba taka."

"Kai dai ka kula da gonata. In na tarar da ciyawa ɗaya, a kasuwar Yauri zan sayar da kai."

Gonakinmu duka a kan hanyar Kurni suke, tasa ta fi kusa da gari. Jigawa ce, ba ta riƙe laima kamar tawa, saboda haka ita na fara shukawa. Ita na fara yi wa noman firi, ita na fara yi wa maimai. Matata ta yi magana, ta ce tamu ta cika da ciyawa ina can ina yi wa wani bauta. Na ce mata amana ce, shi ma yana can yana haɗiyar ƙurar danƙo saboda ni. Takin da na tara na raba shi biyu. Damina ta yi kyau. Geronsa ma ya fi nawa, don ya samu hannu a kan lokaci.

Yakan bugo waya jefi-jefi. "Ya gonata? Ka yi maimai? Kada ka bar mini tsuntsaye su cinye." In na tambaye shi shago, sai ya ce lafiya lau, teku ta haukace, alluna na karyewa kamar kara. Wata rana ya turo bidiyo a wayar maƙwabcina. Ga shi tsaye a kan allo, igiyar ruwa ta fi katangar gida tsawo tana naɗowa a bayansa, ya ware hannuwa. Na yi ta jan maƙwabcin majalisa-majalisa ina nuna wa mutane. "Bawana ne wannan," nake cewa, "ni na kai shi." Na kai wa Gwaggo ta gani, ta rufe ido ta ce a gaya masa ya fito daga ruwan nan.

Muka yi girbi, na ɗaure dammunansa, na ɗauko a amalanke na zuba a rumbun Gwaggo da hannuna. Sannan na kama hanya.

Na sauka daga jirgi da la'asar sakaliya. Tun daga nesa na hango shi a kan bencin, allo a cinyarsa, yana gugar samfefa. Ya yi baƙi, ƙibar ta zube, kafaɗunsa sun buɗe.

"Bawana, tashi, mai wuri ya dawo!"

Ya ɗago ya yi dariya. "Wane bawa? Ai tun da ka juya baya na ƴanta kaina. Malam, hayar allo ka zo? Na masu koyo suna can gefe."

Na yi dariya har na ajiye jaka. Ya sa aka fasa mini kwakwa, muka yi hirar gida, na gaya masa yadda gonarsa ta bayar, ya ce ai da shi ya noma da ta fi haka. Bai tashi ba. Na ce a raina sai gobe, ba a tashin mutum yana tsakiyar gyara.

Washegari da safe na tarar ya riga ya buɗe.

"Kawo makullin, ɓarawo."

"Makulli ya saba da wuyana. Ga tsintsiya can, ubangida, ka motsa jini."

Na ɗauki tsintsiya na share, ina zaginsa yana ramawa.

Duk mai taubashi ya san yadda abin yake. Zai ɓoye maka takalmi ranar ɗaurin aurenka ya bar ka kana nema, in kuma ka ɓata rai, kai ne abin dariya. Na ɗauka wasan ne ya ja shi da tsawo don ya ga iyakar haƙurina, na kuma ƙudura ba zan ba shi wannan daɗin ba. Kullum sai in zo, in share, in wanke alluna, in tsaya a gefensa yana gyara a kan bencina da kayan aikina. In na miƙa hannu zan ɗauki samfefa, sai ya janye ya ce hannun manomi ya yi kaushi, zai karce wa mutane allo. In yi dariya. Mutanen rumfarmu ma dariya suke, suna cewa yau bawa ya hau kan ubangida. Haka kwanaki suka yi ta wucewa.

Oga kaɗai ne ba ya dariya. Ya gaishe ni da fara'a ranar da na zo, amma gaisuwar baƙo, daga nan in mun haɗa ido sai ya kau da kai. Wata rana da hantsi, taubashina ya shiga ruwa da wasu baƙi yana koya musu, ina wanke allo, Oga ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Abokina, yaushe za ka koma?"

"In koma ina, Oga? Ai yanzu na zo."

Ya dubi yashi. "Ɗan'uwanka ya ce ka bar masa aikin. Ya ce ka gaji da zirga-zirga, gona ta ishe ka, in ka zo gaisuwa ce kawai. Shi kuma ya yi mini alkawari ba zai tafi ba, rani da damina. Mutum biyu sun fi ƙarfin shagon nan. Ganinka kana shara kullum ne ya dame ni."

"Wasa yake yi maka, Oga. Mu haka muke da shi."

"Ban san irin wasanku ba. Amma da yake gaya mini, ba dariya a fuskarsa."

"Yaushe ya gaya maka?"

"Da ka tafi ba da daɗewa ba. Ina jin ko gajiyar hanya ba ka sauke ba."

Na ci gaba da zuba ruwa a kan allon da ya riga ya wanku. Ban tuna benci ba a lokacin, ban tuna makulli ba. Muryarsa na tuna a waya yana tambayata ko na yi maimai. Ashe sa'ad da nake duƙe a jigawarsa, rana na dukan ƙeyata, gonata na cika da ciyawa, shi ya riga ya gama da ni.

Na jira ya fito daga ruwa, ya sallami baƙin, ya jingine allo. Na kira shi da sunansa na yanka, abin da ban tuna ranar da na taɓa yi ba. Ya juyo, ya ga fuskata, ya dubi Oga da ke cikin shago.

"Kai ubangida, lafiya? Kifi ya cije ka?"

"Bar wasan. Me ka gaya wa mutumin nan?"

Ya goge fuska da riga, ya zauna a kan bencin. Dariyar ta tafi, sai na ga kamar ban san fuskar ba.

"Ɗan'uwa, kai ba ka taɓa ganin aikin nan ba. Abin da kake gani da rani wasan yara ne. Aikin da damina yake, kuma ni na yi shi. Dubi hannuna. Mutumin nan mai zama yake so. Ko ban karɓa ba, wani zai ba."

"Wataƙila haka ne. Me ya hana ka bugo ka gaya mini?"

Ya kau da kai wajen teku.

"Ka ce masa na bar maka. Yaushe na bar maka?"

"Kana da gona mai kyau, kana da sana'ar faci. Ni me nake da shi?"

"Kana da rumbu cike da gero. Ni na cika shi."

Ya ɗauki samfefa yana juya ta a hannu. "To ai ba a fushi da taubashi," ya ce, ya ɗan yi murmushi, yana neman mu koma inda muka saba. Ban bi shi ba.

Na kai magana gaban Alhaji. Aka tara mutanen rumfa bayan sallar la'asar. Alhaji bai yi kwana-kwana ba. Ya ce tunda yake a ƙauyen bai taɓa ganin wanda aka ba riƙo ya ƙi tashi ba, in kuma aka fara, ba wanda zai sake tafiya gona da kwanciyar hankali.

"Ka tashi ka ba shi wurinsa."

"Alhaji, ku gafarce ni," in ji taubashina, kansa a ƙasa. "Shagon ba nawa ba ne, ba nasa ba. Mai shi ya zaɓa."

"Ya zaɓa a kan ƙaryar da ka yi masa."

"To ku je ku gaya masa."

Alhaji ya tashi da kansa, muka bi shi. Oga ya saurare shi da ladabi. Ya ce bai ji daɗin ƙaryar ba, ya ce yana ƙaunata, amma shi ba ya cikin al'adarmu, kuma damina mai zuwa wa zai zauna masa? Ya juyo gare ni ya ce in zan yi alkawarin zama shekara cur, zai sake tunani. Kowa ya zuba mini ido. Na tuna rumbuna da bakunan da ke ci daga cikinsa. Na ce ba zan iya ba. Taubashina ya san haka tun kafin a tambaye ni.

Hukuncin da ya rage a hannun Alhaji na kwanon abinci ne. Aka daina ci da taubashina. Ya ɗan yi kwanaki yana ci shi kaɗai a bayan shago. Amma shagon na da janareto, kuma can kowa ke cajin waya. Wannan ya kai wayarsa ya tsaya hira, gobe wancan ya kai. Kafin a ga sabon wata, sai ga hannunsa a kwano tare da na kowa, har ana ce mini in yi haƙuri in matso, jini ɗaya ne. Na haƙura da kwanon, na koma ci ni kaɗai.

Na koma facin roba, ina bin gidaje da ɗan murhuna da ƙarfena. Ƙauyen ƙarami ne, ba yadda za ka yi ka kauce wa bakin ruwa. In na bi ta bayan shagon ina jin gugar samfefa, ina jin warin danƙo, wani lokaci in ji dariyarsa da baƙi. Ban jira an bugo waya ba a shekarar. Tun zafi bai gama sauka ba na ɗaure kayana. Alhaji ya tambaye ni ko akwai abin da zan bar wa wani riƙo. Na ce babu.

A gida labarin ya riga ni isowa, amma a wasa ya iso: wai bawa ya ƙwace wa ubangida kujera. Tun a tasha ƴan kabu-kabu suka fara tsokanata.

Da hadari ya fara haɗuwa, Gwaggo ta zo gidana da hantsi, tana dogara sanda, da ƙwaryar iri a rufe da faifai. Matata ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo fura, ta koma ɗaki amma ta bar ƙofa a buɗe. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ga irin gonar ɗan'uwanka," ta ce. "Ya bugo ya ce bana ma ba zai samu zuwa ba. Ya ce ka san yadda kuka saba."

"Gwaggo, ya gaya miki abin da ya faru?"

"Na ji ƴan maganganu. Kai ma da abinka. Ku da kuke wasa tun kuna tsirara? In ka riƙe shi a zuciya, kai mutane za su yi wa dariya."

"Sun riga sun yi."

"To ka bar shi ya wuce. Ni da ubanka ciki ɗaya muka fito. Da yana raye ba zai so jin wannan ba."

Ban taɓa mayar wa Gwaggo magana ba tun da aka haife ni. Ita ta goya ni lokacin da mahaifiyata ta yi doguwar jinya. Na sunkuyar da kai, na ce:

"Gwaggo, muddin akwai hatsi a rumbuna, ba za ki kwana da yunwa ba. Ki aiko a ɗiba, ko ki zo ki zauna nan. Amma gonarsa ba zan shiga ba. Noman da na yi masa na riƙon gurbi ne. Yanzu ba abin da yake riƙe mini."

"Gonar ba ta yi maka laifi ba."

"Haka ne. Ya nemi wanda zai noma masa."

Ta jawo sandarta kusa. Ba ta sha furar ba. Ta gyara faifan a kan ƙwaryar, na miƙa hannu zan ɗaukar mata, ta ce in bari, za ta iya. Na raka ta har ƙofar gida, ta tafi ba ta waiwayo ba.

Ruwan shuka ya sauka a makon. Na fita da sassafe da matata da ƴaƴana, muka bi hanyar Kurni, muka wuce jigawarsa tana jiƙe ba kowa a ciki, muka shiga tamu. Har yanzu Gwaggo tana amsa gaisuwata, amma a taƙaice, kuma ba ta taɓa aikowa a ɗebi hatsin ba. Bakin teku kuwa ban sake komawa ba.